Ɗalibanmu na sayen babi na huɗu, jami'o'inmu na sa hannu a yarjejeniya

'Yar ƙanwata ce ta kawo mini kundinta na kammala digiri in duba mata kafin ranar da za ta kare shi. Nazarin zamantakewa take karantawa a wata jami'a a nan Arewa, aikinta kuma a kan dalilan da ke sa 'yan mata barin sakandare ne a wata ƙaramar hukuma. Babi na ɗaya zuwa na uku ba laifi, kana jin muryarta a ciki. Da na shiga babi na huɗu sai ga jadawali bayan jadawali, tsaf-tsaf, kowanne da sharhinsa a ƙasa cikin wani Turanci da na san ba nata ba ne. Na ɗora yatsa a kan wata lamba, 0.003, na ce ta faɗa mini me take nufi. Ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Kawu, gaskiya a shago aka yi mini. Kowa ma can yake kaiwa."

Na ce ta kai ni. Shagon yana cikin jerin shagunan kwamfutar da ke bakin ƙofar makarantar, janareta na ruri a waje, ɗalibai zaune kan benci kowa rungume da fayil. Saurayin da ke aikin mutum ne mai fara'a, hannunsa kuma ya faɗa sosai. A gabana wani ɗalibi ya miƙa masa taken bincikensa da hasashe guda uku, babu ko takardar tambayoyi ɗaya da aka cike. Saurayin bai tambaye shi mutum nawa ya zanta da su ba. Abin da ya ce shi ne, "Malam, so kake ya nuna akwai alaƙa, ko babu?" Ɗalibin ya ce akwai. Suka yi ciniki, aka ce ya dawo jibi.

A cikin makon nan kuma na ci karo da hotuna a Facebook: manyan wata jami'a sun sha manyan riguna, suna musabaha da baƙi daga wata jami'ar ƙasar waje, an sa hannu a yarjejeniyar horar da malamai dabarun bincike da ƙididdiga. Da na karanta bayanin, abin da yarjejeniyar ta haifar shi ne bita ta kwana biyar a otal, da takardar shaida ga duk wanda ya halarta.

Abubuwan nan biyu sun tsaya mini a rai. Matsayina kuwa shi ne: muna matuƙar buƙatar haɗin gwiwar jami'o'i wajen koyar da bincike mai amfani da alƙaluma a tsangayoyin kimiyyar zamantakewa, kuma masu ƙyamar abin sun yi kuskure. Amma duk haɗin gwiwar da bai canza abin da ake koya wa ɗan aji biyu da ɗan aji uku a cikin aji ba, bai yi komai ba, komai kyan hotonsa. Ma'aunin da zan riƙe ke nan har ƙarshen wannan rubutu.

Me ya sa abin ya dame ni

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa rashin aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari a farkon shekarar. Adadin da aka sani kafin nan, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ne. Gari ya ɗauka. A gidajen rediyo da majalisun hira mutane suka kasu biyu: masu cewa ƙarya ce tsagwaronta, da masu cewa gwamnati ta yi aiki. Duka biyun ba su taɓo zancen ba. Abin da ya canza shi ne ma'anar "mai aiki". A tsohon tsari, wanda bai kai sa'a 20 yana aiki a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya dace da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya yi aikin neman kuɗi ko na sa'a ɗaya a mako mai aiki ne. Rahoton da kansa ya nuna cewa fiye da kashi 90 na masu aikin suna cikin sana'o'in da ba na ofis ko kamfani mai rajista ba. Tambayar da ta dace ita ce ko wannan ma'auni yana bayyana halin da mai tura ruwa da mai sayar da rake suke ciki. Muna yaye dubban ɗalibai kowace shekara a fannin tattalin arziki da siyasa da zamantakewa da aikin jarida. Mutum nawa ne cikinsu za su iya buɗe rahoton nan su yi wa jama'a wannan bayanin da Hausa?

Ga wani kuma. A 2022 hukumar ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa: mutum miliyan 133, wato kashi 63 na 'yan ƙasa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato adadin ya kai kashi 91, a Ondo kashi 27. Wasu manyanmu suka fusata, suka ce an ci mana fuska. To, idan an yi kuskure a lissafin, ina malaminmu da ya sauke bayanan ya nuna inda kuskuren yake? Idan kuma daidai ne, ina wanda ya tsefe su ya gaya wa gwamna cewa a jiharsa ruwan sha ne ya fi jawo adadin sama, ko makamashin girki, ko rashin zuwa makaranta?

Yaran da ba sa zuwa makaranta ma haka. Yau ka ji miliyan 10.5, gobe miliyan 18.3, jibi miliyan 20, kuma duk daga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Bambancin yana da dalili, domin wani adadin yaran firamare kaɗai ya ƙunsa, wani ya haɗa har da na sakandare, amma a wurinmu kowa ɗaukar wanda ya dace da hujjarsa yake yi. Ƙidayar jama'a kuwa rabonmu da ita tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk kasafin da ake yi a kan hasashe ake yin sa.

Wanda ya je kasuwa ba shi da mudu, bai kuma san yadda ake awo ba, abin da aka zuba masa a buhu shi zai ɗauka. Halin da muke ciki ke nan game da alƙaluman da suka shafi rayuwarmu.

"Ai mutum ba lamba ba ne"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji daga bakin malamai, kuma ina girmama ta. Suna cewa zamantakewar Bahaushe ba ta shiga jadawali. Kunya, kara, zumunci, tsoron Allah, yadda za a yi ka auna su? Wanda ke son sanin dalilin cire yarinya daga makaranta sai ya zauna da uwarta, ya sha ruwan gidan, ya saurara.

Gaskiya ne, kuma wannan hanya ilimi ce mai zaman kanta. A Yamai akwai cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001, wadda ta yi suna a duniya da irin wannan bincike na zama da mutane, a asibitoci da kotuna da ƙauyuka, kuma tana horar da matasan masu bincike da tsauri. Da haka muke yi da ban ce uffan ba. Amma mu duba kundayen ɗalibanmu tsakani da Allah. Nawa ne cikinsu aka yi zaman sauraro na wata uku? Kusan duka takardar tambayoyi ce aka raba, aka fitar da kaso cikin ɗari, aka yi gwajin hasashe. Ma'ana, binciken alƙaluma muke yi tun da daɗewa, sai dai muna yin sa ba daidai ba.

Duba wani abu da duk wanda ya taɓa duba kundi ya sani. Kusan kowane ɗalibi mutum 400 yake cewa ya tambaya, ko 399, ko 398. Dalili shi ne wata dabarar lissafin yawan mutanen da za a tambaya, ta masanin ƙididdiga Taro Yamane, da ake kwafa daga kundi zuwa kundi, wadda in yawan jama'a ya kai dubu ɗari ko miliyan goma, amsar da take bayarwa kusan 400 ce. Dabarar ba ta da laifi, amma tana da sharaɗi: sai an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa a cikin jama'ar ke da damar faɗowa. Ɗalibin da ya tsaya a bakin masallacin unguwarsu ya raba wa abokansa takardu bai cika wannan sharaɗi ba, ko da dubu huɗu ya raba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya fahimtar da shi hakan.

Sannan akwai wani tarihi a ƙasarmu da ya kamata masu wannan hujja su tuna. A shekarun 1960, masana aikin gona suna ganin manomin Arewa da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin wanda bai waye ba, ana ta matsa masa ya koma shuka iri ɗaya. Sai wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka sa ma'aikata a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau. Tsawon shekara suna bin gidaje a kai a kai, suna rubuta sa'o'in da aka yi a gona, da wanda ya yi su, da abin da aka girbe. Da aka tattara lissafi sai ya nuna manomi ne ke da gaskiya. Abin da ya fi ƙaranci a wurinsa shi ne hannu a lokacin noman firi da maimai, kuma haɗa shuka ya fi ba shi riba a kan wannan wahalar, ya kuma rage masa haɗarin tashi a tutar babu idan damina ta yi gardama. Alƙaluma ne suka wanke manomi daga zargin jahilci, a gaban mutanen da da baki kawai ba za su saurare shi ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da muke da shi wanda baƙo ba shi da shi. Duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai a karkara ya san in ka tambayi dattijo shekarunsa, hamsin zai ce ko sittin, da wuya ka ji 57. Masana ƙidaya sun san wannan tarin shekaru a kan lambobin da suka ƙare da sifili da biyar, suna da hanyar auna shi da gyara shi, amma ɗan gari ne ya san cewa in ka tambaye shi shekarar da ya yi aure ko wane sarki ne ke kan gado lokacin da aka yi masa kaciya za ka fi kusantar gaskiya. Ɗan gari ne ya san Bafulatani ba zai ƙirga maka shanunsa ba, magidanci ba zai faɗi abin da yake samu a gaban maƙwabta ba, kuma namiji ba zai shiga gidan kulle ya yi wa matar aure tambaya a kan haihuwa ba. Shi ya san a gida mai sassa biyar, tukunya ce ke raba iyali da iyali. Idan mai wannan sani bai iya lissafin ba, mai lissafin kuma ba shi da wannan sani, adadin da zai fito gurgu ne.

"Yaran nan lissafi suka gudo"

Haka ne, da yawansu sun zaɓi wannan tsangaya ne don su huta da lissafi. Amma ban yarda cewa kansu ne ba ya ja ba. Yarinyar da ta ce ba ta iya lissafi ita ce ke riƙe da adashin mutum talatin a waya, ta san wanda ya zuba da wanda ya yi fashi. Al'ummar da malamanta na zaure ke raba gado da sudusi da sumuni, suna fitar da nisabin zakka, ba baƙuwar hisabi ba ce. Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masu tarihin lissafi suna ambaton aikinsa.

Matsalar yadda ake koyarwa ce. Kwas ɗin ƙididdiga a yawancin sassanmu allo ne da alli, aji na mutum ɗari uku, malami ya rubuta dabara, a haddace, a zuba a jarrabawa, a manta. Misalan ma na jefa kwabo ne da ƙwallaye masu launi a cikin jaka. Ɗalibi zai gama digiri bai taɓa buɗe bayanan gaske a kwamfuta ba ko sau ɗaya. Ka ba wa wannan ɗalibin bayanan jiharsa, ka ce ya gano ko 'ya'yan matan da suka yi firamare sun fi samun allurar rigakafi, za ka ga yadda zai zauna. Tambayar ta shafe shi, don haka lissafin ya zama hanyar kaiwa ga amsa.

Kuma ba mu kaɗai muka taɓa fama da wannan ba. Birtaniya da kanta ta gano ɗalibanta na kimiyyar zamantakewa suna fita ba su iya sarrafa alƙaluma ba. A 2013 Gidauniyar Nuffield da wasu hukumomin gwamnati biyu suka zuba fam miliyan 19.5 a wani shiri mai suna Q-Step a jami'o'i 15. Abin lura shi ne inda suka dosa: ɗaliban digirin farko. An ɗauki sababbin malamai, an buɗe sababbin kwasa-kwasai, ana tura ɗalibai ma'aikatu su yi aiki da bayanai na gaske, kuma an tsara shirin na shekaru ne.

"Mu 'yan aike kawai ake mayar da mu"

A nan ne na fi kusa da yarda da masu suka. Akwai wani nau'in haɗin gwiwa da kowa ya sani. Jami'ar waje ta samo kuɗi, ta tsara tambayoyi a can, ta zo ta nemi "abokin hulɗa" a nan. Aikin abokin shi ne ya samo izinin hakimi, ya ɗebo ɗalibai, a koya musu latsa waya na kwana uku, su shiga rana su cike tambayoyi. Da yamma bayanai sun haye intanet sun tafi. Bayan shekara biyu takarda ta fito a mujalla, sunan malaminmu yana can cikin godiya, in ma an tuna da shi. Sashensa ko kwafin bayanan ba shi da shi. An koya wa yaranmu tarawa, an riƙe nazari, alhali nazarin nan shi ne ilimin.

Amma laifin namu ne ko nasu? Wanda ya sa hannu bai karanta ba, ko ya karanta ya ga alawus ya yi shiru, shi ma yana da kaso. Babu abin da ya hana jami'a ta ce: kwafin bayanai zai zauna a nan, za a yi nazarin tare da malamanmu, ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku za su rubuta kundayensu da shi, kuma baƙon zai shiga aji ya koyar zango guda tare da ɗan gida. Baƙon kirki zai yarda, domin shi ma yana buƙatar mu. Wanda ya ƙi, ya nuna abin da ya kawo shi.

Bitar otal ita ma ba ta tsinana komai, ko da niyyar masu shirya ta mai kyau ce. Ƙididdiga sana'ar hannu ce, sai da maimaici. Malamin da aka nuna wa abu ranar Litinin zuwa Juma'a, ya koma ofis ga takardun jarrabawa ɗari biyar suna jiran sa, babu wanda zai tambaya idan ya maƙale, kafin wata uku ya manta. Sau da yawa ma ba mai koyar da kwas ɗin ake turawa ba, wanda ke kusa da ofishin shugaba ake turawa.

Akwai haɗin gwiwar da ta nuna ana iya yin abin da kyau, kuma a nan Afirka. Ƙungiyar AERC ta bincike da horarwa kan tattalin arziki da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1988, ta lura cewa jami'a ɗaya ba ta da isassun ƙwararrun da za su koyar da kowane reshe na tattalin arziki. Sai ta sa jami'o'i suka amince da manhaja ɗaya, kowace ta koyar da ginshiƙan darussa, sannan a tara ɗaliban ƙasashe daban-daban wuri ɗaya na tsawon watanni don darussa masu zurfi. Jami'ar Ibadan na cikin masu karɓar ɗaliban digiri na uku a wannan tsari. Shirin CARTA kuma, wanda aka kafa a 2008 ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken yawan jama'a da lafiya ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, ƙananan malaman jami'o'i yake ɗauka. Suna yin digiri na uku a jami'o'in Afirka, ana tara su lokaci bayan lokaci a tsawon karatun ana horar da su, su koma su yi aiki da abin da suka koya, su sake dawowa. Jami'o'in Turai suna ciki a matsayin masu tallafawa, amma sitiyari yana hannun 'yan Afirka. Daga Najeriya, Ibadan da Ife ne a ciki.

Abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye shi ne tsawon lokaci, da kuma cewa malamin da zai koma aji ake horarwa. Ya kamata shugabannin jami'o'in Arewa su tambayi kansu me ya sa sunayenmu suka yi ƙaranci a irin waɗannan jerin, alhali mu ne alƙaluman talauci da mutuwar mata wajen haihuwa suka fi nunawa.

Ba wai ba mu san hanya ba. Jami'ar Bayero ta samu tallafin Gidauniyar MacArthur shekaru da dama, ta kuma samu cibiyoyi biyu a shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa, ɗaya ta noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, ɗaya ta lafiyar al'umma da tsare-tsare. Inda aka sa himma an samu. Tsangayoyin kimiyyar zamantakewa ne aka bari a baya, kamar su ba sa buƙatar ɗakin gwaji.

Abokin da ke tsallaken titi

Wani abu da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tsallake na kusa mu nemi na nesa. A kusan kowace jami'a akwai sashen lissafi ko na ƙididdiga, tafiyar minti biyar daga sashen nazarin zamantakewa. Malaman can suna da dabaru amma ɗalibansu na ƙishin tambayoyin gaske. Malaman nan suna da tambayoyi amma dabaru sun yi musu ƙaranci. Sau nawa aka ga ɗalibi ɗaya da masu duba aiki biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can? Wannan haɗin gwiwar ba ta buƙatar biza ko dala, sai dai kowa ya sauke girman kai, kuma hukumar jami'a ta lissafa wa malamin wannan wahala a cikin aikinsa.

Daga nan sai tsakanin jami'o'i. Zariya, Kano, Katsina, Dutse, Sakkwato, duk tafiyar yini ɗaya ce ko ƙasa da haka. Idan kowace tana da mutum biyu ko uku da suka ƙware, a haɗe sun isa su riƙe makarantar hutun dogon zango ta mako shida, ana zagayawa da ita shekara-shekara. Ƙofa ma a buɗe take: sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. Nan ne wurin da ya kamata a dasa kwas na nazarin bayanai a kwamfuta, daga aji biyu har zuwa aji huɗu, kowane zango yana hawa kan na baya.

Ina kuma ganin a tsallaka iyaka. Maraɗi da Damagaram suna da jami'o'i, kuma tambayoyinsu namu ne: farashin gero, cin rani, auren wuri, kiwo, cinikin da ke bi ta Jibiya da Maigatari. Jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, ƙarƙashin gwamnatoci biyu da tsarin makaranta biyu. Mai bincike a ko'ina a duniya zai yi murna da irin wannan dama ta kwatantawa, mu kuma ga ta a bakin ƙofa.

Kayan aiki, wuta, yajin aiki

Za a ce duk wannan mafarki ne a inda babu wuta, inda aka rufe jami'o'i wata takwas a 2022. Ban raina wannan ba. Amma cikin dukkan fannonin ilimi, wannan na cikin masu araha. Manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma mai suna R kyauta ce, ba sai an ci gaba da dogaro da kwafin takwararta SPSS na sata da ke mutuwa a tsakiyar aiki ba. KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, na aiki a wayar Android ko babu intanet. Bayanan Afrobarometer, wanda ke jin ra'ayin 'yan Najeriya tun zagayensa na farko, kowa na iya saukewa. Haka bayanan binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke yi da Bankin Duniya tun 2010, inda ake komawa gidaje ɗaya bayan 'yan shekaru. Ɗaki ɗaya mai kwamfuta arba'in da sola bai kai kuɗin katafariyar ƙofar shiga da jami'o'inmu ke ginawa ba, kuma irin aikin da aka kafa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, dominsa ke nan.

Dogaro da na waje ma yana da iyaka. Binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, wanda ake yi a Najeriya tun 1990 kuma kusan duk abin da muka sani kan haihuwa da mutuwar yara daga gare shi yake, da kuɗin Amurka aka riƙa gudanar da shi. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke wannan kuɗi rana ɗaya. Ƙasar da ba ta da nata ƙwararrun, irin wannan shawara da aka yanke a wata nahiya tana iya barin ta cikin duhu.

Sauran hujja ɗaya ita ce duk wanda aka horar zai gudu, ko zuwa ƙungiyoyin agaji a Abuja da Maiduguri, ko zuwa Turai. Wasu za su tafi, babu makawa, domin mai wannan ƙwarewa kasuwarsa na ci. Shi ya sa tura mutum ɗaya waje ya zama "masanin sashe" haɗari ne, ranar da ya tafi an koma gidan jiya. A horar da mutum shida a sashe ɗaya, a rubuta darussan a ajiye, a sa masu digiri na biyu su riƙa taimakawa a ɗakin kwamfuta, yadda in biyu sun tafi huɗu za su ci gaba. Wanda ya tafi Hukumar Ƙididdiga ko ma'aikatar kasafi ta jiha kuwa ban ɗauke shi asara ba, can ma ana buƙatarsa.

Akwai kuma mataki ɗaya da majalisar kowace jami'a za ta iya ɗauka a zamanta na gaba ba tare da jiran kowa ba. A wajabta cewa duk kundin da ya yi amfani da alƙaluma, sai an miƙa shi tare da ainihin bayanan da aka tara da matakan da aka bi wajen nazari, kuma a ranar karewa ɗalibi ya buɗe kwamfuta ya sake fitar da jadawali ɗaya a gaban malamai. Amma kada a kafa wannan doka sai an fara koyarwar, domin zalunci ne a tambayi yaro abin da ba a ba shi ba. A sa wa'adin shekara biyu, a fara da 'yan aji biyu na bana, dokar ta hau kansu idan sun kai aji huɗu.